Garaje Ba Ƙarfi Ba Ne: Yadda Za Ka Ƙara Nauyi A Benci Ba Tare Da Ka Lalata Kafaɗarka Ba

 Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan mako saboda waɗanda datarsu ba za ta kai su sauraro ba, da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karatu.

Yau ba zancen katin zaɓe za mu yi ba, ba kuma na rashin aikin yi ba. Yau gidan ƙarfe za mu shiga, mu yi maganar benci, wato ɗaga ƙarfen nan da ake yi a kwance rigingine, a sauke shi kan ƙirji a tura shi sama. Na san wani zai ce, "Kai kuma me ya haɗa ka da 'yan ƙarfe?" Abin da ya haɗa mu shi ne, a unguwarmu in kana neman matasa ashirin a wuri ɗaya bayan la'asar, waɗanda ba shaye-shaye ya tara su ba, to ko filin ƙwallo ne ko gidan ƙarfe. Wurin alheri ne. Amma a wurin nan ne kuma nake ganin yara suna ji wa kansu ciwo a banza, wasu ma daga nan suke fara haɗiyar ƙwaya. Duk saboda tambaya ɗaya da ake yi wa kowa: "Nawa kake bugawa a benci?"

Bari in fara da kaina. Bayan na gama bautar ƙasa na dawo gida, ba aiki, sai na shiga wani gidan ƙarfe da ke cikin wani kango a bayan layinmu. Benci na katako, sanda ta bututun ƙarfe, nauyin kuma siminti ne da aka zuba a bokitin fenti, sai wasu ƙarafan mota. Wata biyu da farawa, rannan wuri ya cika, sai na ce a ɗora mini abin da manya ke ɗagawa. Abokai suna ihu, "Naka ne! Tura!" Na baje gwiwoyin hannu, na saki ƙarfen ya doki ƙirjina, na banƙare na tura. Ya tashi kam. Aka yi mini tafi. Washegari da asuba, ko hannu zan ɗaga in yi kabbara sai na cije leɓe. Wata uku na yi ban taɓa ƙarfe ba, riga ma da dabara nake sa ta.

Da na dawo, wani dattijo da ya fi shekara ashirin yana harkar ya kalle ni ya ce, "Ɗana, sauke simintin nan. Ɗauki sandar kawai." Wallahi na ji kunya. Amma ranar ce na fara koyon benci. Abin da ya koya mini, da abin da na karanta daga baya, shi zan ba ku yau. Kuma magana ɗaya ce: ƙarfin benci daga iyawa da haƙuri yake zuwa. Garaje ba ƙarfi ba ne.

In kana shakka, dubi 'yan wasanmu masu buƙata ta musamman. A gasar Paralimfik, ɗaga nauyinsu gaba ɗaya benci ne, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da ake tsoro a duniya a wannan fanni. A Landan, shekarar 2012, Yakubu Adesokan ya shiga ajin kilo 48, ya tura kilo 180, ya ci zinare ya kafa tarihin duniya. Ka lissafa, kusan ninki huɗu na nauyin jikinsa ke nan. A Paris, 2024, Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167, ita ma zinare da tarihin duniya. Mutanen nan ƙafafunsu a miƙe suke a kan benci, ba sa taka ƙasa. Kuma dole ƙarfen ya tsaya cak a ƙirji kafin a tura, in ka buga shi ya yi tsalle alƙalai su soke. To kai da kake da ƙafa biyu a ƙasa, kake ta banƙarewa a kan kilo 70, ka san ba ƙarin ihu kake buƙata ba. Gyara kake buƙata.

NA FARKO: KWANCIYA

Yawancinmu faɗawa benci muke yi kamar katifa. A nan matsala take farawa. Ka kwanta yadda idanunka za su kasance daidai ƙarƙashin sanda. Sannan ka matse allunan kafaɗarka biyu ta baya, kamar kana son riƙe biro a tsakaninsu, ka kuma ja su ƙasa wajen ƙugu. Za ka ga ƙirjinka ya taso, ƙasan bayanka ya ɗan bar benci kaɗan. Wannan ɗan lanƙwasar ba laifi ba ne, muddin kanka, kafaɗunka da mazaunanka suna manne da benci.

Me ya sa? Gaɓar kafaɗa ita ce gaɓar da ta fi kowace juyawa a jikin ɗan Adam, kuma saboda haka ba ta da zurfin zama irin na ƙugu. Tsokoki da jijiyoyi ne ke riƙe da ita. In ka bar allon kafaɗa yana yawo, duk lokacin da ƙarfe ya sauko kan ƙashin damtsenka zai riƙa turowa gaba, yana matse jijiyoyin gaban kafaɗa. Ciwon da na yi wata uku ina fama da shi ke nan. In kuwa ka matse, ka samu dandamali mai ƙarfi da za ka tura daga kai, tazarar da ƙarfen zai yi ma ta ragu.

Ƙafa kuma ka kafa ta a ƙasa sosai. Ba rawa, ba ɗaga ƙafa ɗaya sama. Lokacin turawa ka danna ƙasa da ƙafafunka kamar kana son zamewa ta wajen kanka, amma mazaunai kada su tashi. In suka tashi, wannan ba benci ba ne kuma.

NA BIYU: RIƘO

Nan ina roƙonku don Allah. Babban yatsa ya zagaye sanda. Akwai wani riƙo da ake yi na gayu, a ajiye babban yatsa a gefe ɗaya da sauran yatsu. Turawa da kansu riƙon kisan kai suke ce masa, kuma ba wasa suke ba. Hannu ya yi gumi, sanda ta sulɓe, babu abin da zai tare ta sai haƙarƙarinka ko maƙogwaronka.

Sandar ta zauna a gindin tafin hannu, kusa da wuyan hannu, ba can wajen yatsu ba. In ta koma wajen yatsu, wuyan hannu zai karye baya, ƙarfinka ya zube a nan, ga ciwo. Ka damƙe ta da ƙarfi kamar za ka bar shaidar yatsunka a jiki.

Faɗin riƙo fa? Ga ma'auni mai sauƙi. In sanda ta taɓa ƙirjinka, hannunka daga gwiwa zuwa wuyan hannu ya tsaya a miƙe sama, ba ya karkata ciki ko waje. Ka sa wani ya tsaya ta wajen ƙafarka ya duba maka, ko a ɗauke ka bidiyo da waya. Ga mafi yawan mutane wannan ya ɗan fi faɗin kafaɗa. In sandar zamani ce irin ta gasa, nauyinta kilo 20 ne, kuma akwai zobe biyu a jikinta. A gasar benci tazarar da aka yarda tsakanin hannu biyu ba ta wuce santimita 81 ba. Kai da ba gasa za ka ba, ba sai ka kai can ba, domin riƙo mai faɗi sosai ya fi wahalar da kafaɗa.

NA UKU: SAUKEWA DA TURAWA

Ka ciro sandar, ka kawo ta daidai saman kafaɗunka, ka tsaya ta natsu. Ja numfashi ka cika ciki, ka riƙe. Sai ka sauke a hankali, kamar daƙiƙa biyu, zuwa daidai kan nono ko ɗan ƙasa kaɗan. Ba wuya ba, ba kuma ciki ba.

Gwiwoyin hannu kada su baje su yi daidai da kafaɗa kamar mai shanya. Kada kuma su manne da haƙarƙari. Tsaka-tsaki ake so, kamar digiri 45 zuwa 70 daga jiki. In an kalle ka daga sama, ka yi kama da kan kibiya.

Sanda ta taɓa ƙirji, taɓawa kawai. Ƙirjinka ba katifa ba ce da za ka buga ƙarfe ya dawo. Mai bugawa yana yaudarar kansa ne, domin wurin da ya fi rauni, wato ƙasan, bai taɓa horar da shi ba. Sannan ka tura sama, kana ɗan mayar da ita baya wajen fuska, har ta koma saman kafaɗa inda ta fara. Hanyar sanda ba miƙaƙƙiya ba ce sak, tana da ɗan karkata. In ka wuce wurin da ya fi wuya sai ka saki numfashi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kuma, ya ga likita tukuna kafin ya fara ɗaga nauyi, domin riƙe numfashi a ƙarƙashin ƙarfe yana ɗaga jini na ɗan lokaci.

Tsoka uku ne ke wannan aiki: ta ƙirji, ta gaban kafaɗa, da ta bayan damtse. In kullum a ƙasa kake maƙalewa, ka yawaita benci mai tsayawa, wato ka tsayar da sanda daƙiƙa ɗaya ko biyu a ƙirji kafin ka tura. In a sama kake maƙalewa, bayan damtse ne ke da rauni, sai ka ƙara benci mai matsattsen riƙo.

NA HUƊU: TSARI

Kuskuren da ya fi yawa a gidajen ƙarfenmu shi ne, kullum ranar gwaji ce. Kowa ya zo sai ya gwada iyakarsa. Ɗan'uwa, gwada ƙarfi daban, gina ƙarfi daban. Wanda kullum yake tone shuka don ya ga ko ta yi saiwa, ba zai ci amfaninta ba.

Ga tsarin da na bi, mai sauƙi. Benci sau biyu a mako, da kwana biyu ko uku a tsakani, misali Litinin da Alhamis.

Ranar farko mai nauyi ce. Seti 4 ko 5, kowane seti sau 5. Ka zaɓi nauyin da in ka gama na biyar kana jin da saura ɗaya ko biyu a jikinka. Hutu tsakanin seti minti 3, ko ma fiye. Kada ka ji kunyar hutawa.

Rana ta biyu mai sauƙi ce. Ka rage nauyi, seti 3 ko 4, kowane sau 8 zuwa 10, kana tsayawa a ƙirji. Wannan ranar gyaran hannu ce.

Kafin kowace, ka ɗumama jiki. Sanda zalla sau 10 zuwa 15, sai ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka kai nauyin aiki. Musamman lokacin hunturu, kada ka fito daga sanyi ka faɗa ƙarƙashin ƙarfe.

Yaushe za ka ƙara? Ranar da ka cika duk setinka da tsabta, ba bugawa, ba ɗaga mazaunai, to zuwa na gaba ka ƙara kilo 2.5. Na san za ka raina. To lissafa: ko sau ɗaya a wata ka ƙara kilo 2.5, a shekara kilo 30 ke nan. Nuna mini mai garajen da ya ƙara kilo 30 a shekara ba tare da ya yi jinya ba. Sabon shiga ma zai fi haka sauri a watannin farko, daga baya abin ya lafa, kuma haka jiki yake. In ka kasa nauyi ɗaya sau biyu ko uku a jere, rage kashi 10 cikin 100, ka sake hawa. Kuma ka riƙa rubutawa, ko a littafi ko a waya. Abin da ba ka rubuta ba, ƙwaƙwalwa za ta ƙara masa gishiri.

Kada ka manta da baya. Duk turawar da ka yi, ka yi ja daidai da ita: ka rataya a sanda ka ja kanka sama, ko ka sunkuya ka ja ƙarfe zuwa ciki. Bayan nan shi ne dandamalin da muka yi magana. Mai ƙirji ba baya, shi ne za ka ga kafaɗunsa sun ranƙwafo gaba kamar mai jin sanyi.

Ga masu siminti irin namu, shawara biyu. Ɗaya, ku kai nauyin nan wurin 'yan gwangwan a ɗora a sikeli, ku rubuta kilon a jiki da fenti. Mu da muka auna namu, sai muka tarar gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, shekara da shekaru muna tura karkataccen ƙarfe. Biyu, ku haɗa kuɗi a yi muku ƙananan nauyi na kilo ɗaya da kwata guda biyu. In tsallen da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe kilo 10 ne, dole a yi garaje.

NA BIYAR: CI DA BARCI

A gidan ƙarfe kana gajiyar da tsoka ne, a gida take ginuwa. Binciken masana ya nuna mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar furotin kusan giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa a rana. In kilo 70 gare ka, kusan giram 112 ke nan. Ba sai ka sayi garin roba mai tsada ba. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Kofi ɗaya na dafaffen wake kusan giram 13. Gyaɗa giram 100 tana da kusan giram 25. Ga awara, ga ƙuli-ƙuli, ga kindirmo, ga kifi, ga fara in lokacinta ne. Na san halin da ake ciki, abinci ya yi tsada. Ka yi iya ƙarfinka, ka raba shi safe, rana da dare. Ko ba ka kai lissafin ba, wake da awara kullum sun fi shayi da burodi zalla.

Barci kuma awa 7 zuwa 9. Wannan kyauta ne, amma shi muka fi wasa da shi. Ba za ka kwana kana latsa waya har ƙarfe biyu, ka zo kana tambayar me ya sa bencinka ya tsaya ba.

NA SHIDA: ƘWAYA

Nan ne inda zancen ya fi damuna. Na sha ganin yaro ya haɗiyi tiramol kafin ya kwanta a benci, wai don ya samu ƙarfi. Tiramol ba ya ƙara tsoka ko ƙwaya ɗaya. Maganin kashe zafi ne, yana toshe maka jin ciwo, alhali ciwon nan shi ne jiki ke ce maka tsaya. Yana kama mutum, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Ka yi tunanin ta kama ka da kilo 80 a saman wuya. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ma ta hana shi a lokacin gasa tun daga Janairun 2024.

Wasu kuma deksa suke sha don su yi ƙiba. Wannan ruwa da kitse yake tara maka, fuska ta kumbura, kuma in aka daɗe ana sha tsokar ma cinye ta yake yi, ya raunana ƙashi. Sai masu allurar gina jiki. Eh, tana kumbura tsoka, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma tana rage maniyyi, tana ƙanƙantar da 'ya'yan maraina, tana iya fito wa namiji da nono, tana taɓa zuciya. Ga shi tsoka tana yin ƙarfi fiye da yadda jijiya za ta iya ɗauka. Tsinkewar jijiyar ƙirji, a benci aka fi samun ta, kuma masu allura suna cikin waɗanda suka fi haɗari. Kana shekara 22, za ka sayar da lafiyar shekara 40 saboda hoton Instagram?

NA ƘARSHE: KADA KA YI KAI KAƊAI

Duk ranar nauyi, sai da mai tsaro a bayan kanka. Kuma mai tsaro ba mai ihu ba ne. Ya ajiye waya, hannayensa kusa da sanda, ku yi magana tun farko sau nawa za ka yi. Ba zai taɓa ba sai in ta tsaya ko ta fara komawa ƙasa. In shi ke ja maka tun daga na farko, to shi ke motsa jiki, ba kai ba.

In sandarka mai cire faifai ce kuma dole ka yi kai kaɗai, kada ka ɗaure bakin, domin in ta danne ka sai ka karkata faifan su zube, kuma kada ka kusanci iyakarka. Amma in siminti ne da aka zuba manne da sanda, babu wannan mafita. Wannan kam kada ka taɓa shiga ƙarƙashinsa ba kowa. Ranar da ba kowa, ka yi turin ƙasa da hannu, ka ɗora jaka a baya. Ƙirji zai ji.

Ka kuma san bambancin ciwo. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Amma suka a cikin gaɓa, ko ciwon da ke hana ka kwanciya ta gefen, wannan tsayawa ake yi. In kuwa ka ji wani abu ya yi ɗas, hammata da damtse suka kumbura suka yi baƙi, kada ka tsaya shafa man zafi. Ka nufi likitan ƙashi da wuri, irin su asibitin ƙashi na Dala ga mutanen Kano, domin gyaran jijiyar da ta tsinke ya fi kyau a makonnin farko.

'Yan'uwa mata masu motsa jiki, duk abin da na faɗa ya shafe ku. Benci ba zai mayar da ku maza ba, ƙarfin hannu da na ƙashi zai ƙara muku.

Ga aikin gida. Wannan makon ka rage kashi 20 cikin 100 na abin da ka saba ɗagawa. Ka sa a ɗauke ka bidiyo daga gefe. Ka duba abu huɗu: babban yatsa ya zagaye? Allon kafaɗa a matse? Sanda ta taɓa ba ta doka ba? Mazaunai suna kan benci? Za a yi maka dariya, ni ma an yi mini. Yau waɗanda suka yi mini dariyar, biyu sun daina saboda kafaɗa, ni kuwa ina tura abin da ya fi wanda ya kwantar da ni, kuma ina ɗaga hannu in yi kabbara lafiya lau.

Manyan gidan ƙarfe, amana ce a hannunku. In sabon yaro ya shigo, ku ba shi sanda zalla, ku daina zuga shi.

Mai tambaya ya turo, za mu amsa a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Ku tura wa abokinku ɗin nan da kuka san yana buga ƙarfe a ƙirji. Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mun sake haɗuwa.